Raɗar Rada

Ni kafinta ne, sama ce wurin aikina,
a kan rufin mutane nake neman abincina.
Shekara talatin ina duban gabas da ido,
ina shinshinar iska kamar tsohon bunsuru,
har bara, wata Laraba a Gyallesu,
da hadari ya shigo bai yi sallama ba,
ya fizge fallen kwano daga hannun Sallau
ya mayar masa da shi a dantse.
Ɗinki goma sha ɗaya.
Ni na riƙe wa likita fitilar waya.

Sai Ladidi, 'yata ta biyu, mai karatu a Samaru,
ta karɓi wayata mai tsagaggen gilashi,
ta ce, Baba, ga taswira.
Wata na'ura ce, rada ake ce mata,
tana jefa kira cikin gajimare
ta tsaya sauraron abin da zai dawo.
Na ce, rada ko raɗa?
Ta ce, duk wadda ka so, in dai za ka saurara.

Kore yayyafi ne, ci gaba da buga ƙusarka.
Rawaya, fara tattara guduma.
Ja kuwa, Baba,
ko kuɗin wa ke aljihunka, sauko ƙasa.

Yau muna Hanwa, ginin Alhaji Barau,
rabin rufi a buɗe kamar bakin mai hamma.
Bayan azahar sama fes, ko ɗigon baƙi babu.
Na share zufa, na leƙa waya.
Ga shi can ta wajen Soba,
ja wur kamar gauta a faranti,
yana rarrafowa, yana ƙara ƙiba.
Na auna da ɗan yatsa yadda ta koya mini:
inda yake ɗazu, inda yake yanzu.
Bai kai sa'a guda ba zai sha ruwan Galma.

Na ce, yara, ku sauko.
Alhaji ya ɗaga kai, ya dube ni, ya dubi rana,
ya ce, Malam Tanimu, waya na ɗauka aiki ko kai?
Ban ba shi amsa ba, bakina cike da ƙusa.
Ranar Alhamis ma haka na tsayar da aiki,
jan ya karkata ya bar mu da kunya,
masu shayi suka yi ta kirana liman na gajimare.
Na haɗiye. Dariya ba ta buƙatar ɗinki.

Muka danne kwano da bulo, muka ɗaure katako.
Na kori Iro daga gindin darbejiya,
na ce inuwa ce da rana, da tsawa kuwa tarko ce.
Na kira gida: a cire firji daga wuta,
a kwashe shanya,
kada kowa ya tsallaka kwalbatin Kubanni
ko da ruwan bai wuce idon sawu ba.

Sai iska ta tsaya cik.
Kaji suka yi shiru.
Kufena ya ɓace kamar ba a taɓa dasa shi ba.
Sannan ta zo,
da leda, da rassa, da bokitin wani,
tsawa ta tsaga sama kamar mai yagar atamfa,
turken wuta ya durƙusa a bakin titi.
Mu bakwai a ɗakin da ba a yi wa filasta ba,
har da Alhaji, hularsa a hannu,
yana salati, yana leƙen wayata.

Na'ura ba ta tare ko ɗigo ɗaya ba,
mai ruwa shi ke da ruwansa.
Minti arba'in kawai ta ba ni aro.

Sallau na shafa tabonsa a lungu.
Na ƙirga kawuna sau biyu.
Bakwai.