Abin da Harisu Ya Nema

Kwamfutar Harisu ce.
Wata huɗu tana kwance a akwati
tare da rawaninsa da takardun gona,
sai ran Laraba, da aka kawo wuta bayan la'asar,
'yarsa Tahani ta ɗauko ta, ta goge da gefen mayafi.
Ta ce, "Baba, zauna.
Ka daina tambayar farashin riɗi
a bakin masu son saye da araha."

Na zauna. Na ture jabana gefe.

Ta nuna mini wani zagaye mai launi:
"Wannan burauza ne. Ƙofa ce."
Na ce, ƙofar ina?
Ta ce, "Duk inda ka rubuta."
A sama akwai farin layi, siriri,
kamar kunya ɗaya tak a gona.
Nan ake shuka suna, a danna, a jira ya tsiro.

Rubutun ƙanana, riɗi ne ya zube a tabarma.
Ta danne maɓalli, ta buga alamar ƙari,
ɗaya, biyu, uku,
haruffa suka yi ƙiba har na gane su ba tabarau.
Shekara shida ina yi wa idona ta'aziyya,
ashe da ransa.

Ta buɗe shafi, ta buɗe wani a gefensa,
na farkon bai rufe ba:
ga kasuwar amfanin gona ta Gadarif,
ga hasashen ruwan sama, ga farashin taki.
Na ce, yarinya, ba a hawa jaki uku lokaci guda.
Ta ce, "A nan ana hawa."
To in na ɓata fa?
"Ga kibiya can, tana mayar da kai inda ka baro."
Na daɗe ina duban kibiyar nan.

Akwai tauraro a ƙarshen layi.
In wuri ya yi maka, ka danna shi,
ka kafa turke ke nan, gobe ka tarar da abinka a ɗaure.
Na kafa wa riɗi nasa da hannuna,
linzamin yana zille mini kamar tarwaɗa.
Sai abin ya tambaya ko ya riƙe mini kalmar sirri.
Na ce a'a.
Ko Harisu bai san inda nake ajiye kuɗin kaka ba.

Daga nan ta nufi ɗigo uku na kusurwa,
inda saiti yake, da harshe, da sauran kayan ciki.
"Saura mu share tarihi," in ji ta,
"ka fara da wankakken allo."

Tarihin ya buɗe.

Kuɗin hayar tarakta.
Maganin tari.
Me ke kawo ciwon ƙirji cikin dare.
Sannan, a dare ɗaya, sau goma sha ɗaya:
Auyo.
Taswirar Auyo.
Hotunan kasuwar Auyo.
Daga Gadarif zuwa Auyo kwana nawa ne a mota.

Garin da kakanmu ya baro da ƙafa
da niyyar Makka,
ya tsaya nan ya yi noman shekara ɗaya,
shekarar da har yau ba ta ƙare ba.
Harisu kuwa shi ne mai cewa,
"Mu 'yan nan ne, a bar tone-tone."
Ƙarfe biyu da minti goma na dare.
Ina ɗakin da ke jikin nasa, ina barci.

Yatsan Tahani na kan maɓalli.
Na riƙe wuyan hannunta.
Ba ta tambaye ni ba, ita ma ta karanta.

Can ta ce, da muryar da ba tata ba,
"Wane shafi kake so ya riƙa buɗewa da farko?"
Na ce, riɗi. Mutum sai ya ci.
Amma ki sa wa wancan tauraro, kusa da shi.

Ta sa.
Aka ɗauke wuta, allon bai mutu ba,
ya haska mana fuska mu biyu a rumfa.
Na laluba jabana, na sha da sanyinta.
Na ce, sake nuna mini yadda ake ƙara girman nan,
akwai wani kogi a taswirar
da ban iya karanta sunansa ba.