Kuɗin Suna

Ran ashirin da bakwai ga wata
nakan baje littafin injin Alhaji Ilu a kan tabarma,
nan Auyo, inda ƙaiƙayin shinkafa
ke bin mutum har cikin kofin shayi.

Ranar farko ya ce, "Hashimu, nawa ne aikinka?
Ai rubutu ne kawai, ba buhu ka ɗauka ba."

Na ce, Alhaji, biro ba shi da nauyi,
amma sifiri ɗaya in ya zame
sai wani gida ya kwana ba hayaƙi.

Ga yadda nake yanka farashi.
Akwai kuɗin zama, dubu takwas,
ko mutum uku ne a littafin ko hamsin:
cajin waya a shagon Ɗanliti,
takarda, man babur zuwa banki a Haɗeja,
da layin da zan bi da rana tsaka.
Sai kuɗin suna, ɗari uku kowane kai,
don kowane suna da nasa ƙullin.

Cindo direba ya ci rabin albashinsa tun ran tara.
Tambai ya yi kwana huɗu yana jinya, a cire ko a bari?
Mati mai gadi bai yarda da kuɗin cikin waya ba,
sai an ƙirga masa a tafin hannu,
shi ma ya lashi yatsa ya sake ƙirgawa.
Ado biyu ne, dogo da na Hansai.
Ran da na taɓa haɗa irinsu a layi ɗaya
daga aljihuna na cika.
Wannan ma yana ciki, Alhaji:
kuɗin kuskuren da ban yi ba tukuna.

Ya taya, na ce albarka.
Ya ce akawun Kafin Hausa rabin haka yake karɓa.
Na ce araha ba ta ado.
A ɗari biyu da hamsin na sallama.

Wata na biyu sai littafi ya rame.
Suna arba'in da ɗaya sun koma ashirin da tara.
Na leƙa farfajiya, ga matan shiƙa nan,
su Tabawa, su Yalwa, su Kulu mai goyo,
faifai na tashi, faifai na sauka,
sha biyu cif, ba wadda ta tafi ko'ina.

"Waɗannan bar su," in ji yaron Alhaji,
"a hannu za a riƙa sallamarsu."

Dubu uku ke nan aka tsira da su a wata.
Na kwana ina juya lissafin.
Wadda ba ta cikin littafi,
ran da aka ce kwana biyar ta yi, ita ta ce shida,
wane shafi za a buɗe?
Ashe ni na sa wa suna haraji,
aka shiga ɓoye shi
kamar saniya a shekarar jangali.

Da hantsi na same shi yana duba sikeli.
Na ce, na sauya farashi.
Dubu goma sha biyar a dunƙule,
ko suna nawa ne, amma kowa ya shiga.
Ya daɗe yana kallona
yana neman inda tarkon yake.
Bai samu ba. Ya ce, "Rubuta."

Ƙarshen wata Tabawa ta dangwala yatsa a tawada,
ta tsaya, ta ce, "Wannan mai ƙugiya shi ne ni?"
Na ce shi ne.
Ta danna da ƙarfi har ya fito a bayan shafi,
ta goge hannu a bakin zani, ta koma kan faifanta.

Dubu uku da ɗari biyu da hamsin ɗin da na bari,
har yau ban san inda zan rubuta su ba.
Na gwada gefen asara,
biron ya ƙi.