Romon Dutse

A Coventry, inda teku ta fi ko'ina nisa,
na ajiye akwatin gilashi a gindin taga,
ƙafa uku tsawonsa, ba kowa ciki sai iska.
Zinatu ta ce, Baba, yaushe kifin zai zo?
Na ce sai an gina masa gari tukuna.
Ba a kiran baƙo ɗaki ba daɓe.

Ran Asabar na sauka daga tuƙin dare,
ido ja, na wuce shagon Gareth.
Ya nuna mini dutse mai rai a cikin kwatami,
ja-ja, shuɗi-shuɗi, yana ƙarnin gaɓa.
Kilo guda fam ashirin.
Na buga sha biyar a ka,
sai na ga kuɗin wutar hunturu yana nitsewa.
Ya ce, kuma ka sani, ba shi kaɗai yake zuwa ba,
akwai ƙaguwa a laɓe, akwai tsutsa mai harbi.
Na ce na gode, na fito hannu a aljihu.

Tsohuwa Maureen ta bayan katanga
ta ce in kwashi na lambunta, kyauta.
Na ɗauko uku, nauyi kamar bashi.
Na ɗiga ruwan khal: shiru.
Na kara maganaɗisun jikin firiji,
sai ga baƙin gari yana mannewa,
ga jijiyar tsatsa ta ratsa ɗaya,
ga wani kore-kore mai kama da tagulla.
Ƙarfe a ruwan gishiri dafi ne,
murjani ba ya kuka, fari kawai yake yi ya mutu.
Na mayar mata da dare, na jera su yadda na same su.

Sai wani ma'aikacin jirgin ƙasa a Nuneaton
da ya gaji da tasa tekun, ya kwashe,
ya shanya duwatsun shekara biyu a gareji.
Farare fat, huda-huda kamar cikin suri,
na ɗaga babban, bai kai tulu fanko ba.
A nan ribar take:
da awo ake saye, amma rami ake nema,
don a ramin ne ƙananan halittu ke tarewa,
su cinye ƙazantar ruwa ba a gan su ba.
Na ɗiga khal, ya yi cuuu, kumfa ta taso.
Fam uku kilo. Ban ko taya ba.

Laraba ta iske su a baho cikin banɗaki,
na jiƙa su da gishiri, famfo yana guɗa.
Ta ce, yau ga wanda ya ɗauki karin magana da gaske,
kana dafa dutse, mu ga ranar shan romo.
Mako shida ina zubarwa ina sakewa,
wari ya tashi, ya kwanta,
ina ɗiga magani a 'yar kwalba ina duban launi
kamar mai jiran jinjirin wata.

Inna tana da murjani zube biyu a adaka,
ba ta taɓa ganin teku ba har ta koma.
Ni ma ban san dabba ce ke gina shi ba
sai da furfura ta fito mini a nan.

Na koma wurin Gareth na sayi mai ran,
ɗan dunƙule ɗaya, bai cika tafi ba,
na sa shi tsakiyar farare
yadda ake ɗiga tsohon nono a sabuwar madara.

Jiya da asuba, kafin in cire takalmi,
na haska: ga ɗigo ruwan hoda a kan farin,
bai kai farcen Zinatu ba.
Ta fito tana murza ido, ta ce, Baba, kifin fa?
Na ce zo ki ga, ɗauko kujera ki taka.