Gungume Na Ƙarshe

A dajin Kuhmo rana ba ta zama hira.
Ƙarfe biyu ta fara naɗe tabarma,
mu kuwa saura gungume ɗaya.

Taraktarmu 'yar ƙarama ce, jan fentinta ya koɗe.
Na cusa haƙoranta ƙarƙashinsa, na ɗaga,
ta yi nishi,
tayoyin baya suka bar ƙasa.
Cikina ya ɗuri ruwa.

"Sauke, Tuulikki. Sannu sannu."
Tun bara kafaɗar Baba ta ƙi,
bakinsa ne ke aiki yanzu.

Na ce a raba shi biyu da zarto.
Ya ce kakansa ya san itacen nan yana tsiro,
ba zai shiga gari guntu-guntu ba.

Muka jingina sanduna biyu jikin tirela,
sarƙa ta bi ta ƙarƙashi,
na zagaya ɗaya ɓarin, na ja.
Ya mirgina. Ya tsaya shawara.
Ya sake mirginawa, ƙanƙara na zuba daga ɓawonsa,
tim!
Tirela ta durƙusa kaɗan.

Baba ya cire safar hannu, ya dafa shi,
ya daɗe,
kana ya tambaya ko da sauran kofi a fulas.