Rage Muryar Rediyonka

A tsibirin Chiloé ruwan sama ba ya neman izini,
ni kuwa aikina ke nan, ba da izini.
Shekara goma sha tara ina zaune bayan gilashi,
wayoyi uku a gabana, biyu ke aiki,
Rosamel na ciki da makirfo
da shayinsa da kullum sai ya huce.

Kafin in sa ka a layi abu ɗaya nake roƙo:
rage muryar rediyonka.
In ka bar ta, muryarka za ta yi karo da kanta,
ta yi ƙara kamar ƙyauren da aka hana wa mai,
masunta a tsakiyar teku su toshe kunne,
ni za su tsine wa.

Faɗi sunanka, faɗi ƙauyenku, shiga magana.
Ulda Mansilla, da ke nake:
gaisuwa ba laifi ba ce,
amma jikoki goma sha ɗaya, kowa da sunan makarantarsa?
Kafin ki iso kan farashin dankali
jirgin fito ya kai wancan ƙetare ya dawo.

Kai mai fushi da jirgin da ya makara,
zagi jirgin in ka ga dama, bar uwar matuƙin,
tana ji, tana saƙa safa a Quemchi.
Kada ka ce mini ba za ka ja zance ba,
duk wanda ya faɗi haka tabarma ya shimfiɗa.
In an ce minti biyu, minti biyu ne,
don akwai wani a layi na biyu
tsaye a kan tudun da nan kaɗai waya ke kamawa,
ruwa na dukan ƙeyarsa,
tumakinsa uku sun ɓata,
kuɗin wayarsa na zurarewa yana ji.

Duk wannan na rubuta, na manna a gilashi.

Sai Baldovino Cárcamo.
Kowace Alhamis, sha ɗaya da kwata na dare.
In ce, Baba, rage rediyon.
Ya ce, to 'yata. Ba ya ragewa.
Mu kuwa mukan riƙe kowace murya daƙiƙa bakwai
kafin mu sake ta, saboda masu ashar.
Sai ya faɗi jimla ɗaya, ya yi shiru,
shirun da ke sa mai gabatarwa zufa,
sannan ya faɗi ta biyu.
Sau uku ina katse shi.
Na huɗun har na ɗaga masa murya.

Ran nan 'yarsa Eduvina ta shigo da lema tana ɗiga,
ta zo biyan kuɗin sanarwa,
addu'ar cika shekara biyu da rasuwar uwarta.
Tana ƙirga canji ta ce, ba tare da ta dube ni ba:
kujera biyu ce a gaban murhunmu,
rediyon na kan ta Mama.
Yakan yi magana,
sai ya jira kujerar ta amsa.

Na ba ta rasit. Na manta ban karɓi kuɗin ba.

Takardar na nan a gilashi, ban goge ko wasali ba.
Gobe ma in ka kira zan ce ka rage,
kuma zan katse ka in ka ƙi.
Amma ran Alhamis, sha ɗaya da kwata,
ni nake rage tawa na'urar don ƙarar ta yi sauƙi,
in ɗaga wa Rosamel hannu ta cikin gilashi.
Tsohon ya ce iskar kudu ta juyo,
itacen bana ɗanye ne, hayaƙi kawai.
Ya yi shiru.
Mu ƙirga bakwai, ni da Rosamel da masunta.

Fitilar layi na biyu na ta ƙiftawa.
Ulda ce. An yi mata jika na sha biyu.