Awon da Ba na Riga Ba

Shekara ashirin ina auna mutane a Fagge.
Wuya, kafaɗa, hannu, tsawon riga har idon sawu.
Tef ɗina ya san ƙirjin rabin unguwa
amma bai taɓa leƙa ciki ba.

Yau Talata. Ni za a auna.

Na lulluɓe keke, na bar rigar ango ba aljihu,
muka hau adaidaita zuwa Titin Zariya,
gwiwoyina na tokarar bayan direba.
Gidan dogaye ake ce mana tun ina yaro.
Babana sai ya sunkuya yake shiga zaure,
yatsunsa zara-zara, nawa ma haka.
Mun ɗauka ado ne.

Ya faɗi yana alwalar La'asar, butar ba ta ko ƙare ba.
Aka ce kwana ne. Haka ne kuwa.
Kawu Mati ma, bakin Kwari, da dila a kafaɗa.
Kwana ne.
Ba wanda ya ce mana saƙar gidan ce.

Likita ce ta faɗa, da bakin da zan gane:
Malam Tasi'u, ka san yadin da ke cika ido
amma zarensa ba ya riƙo?
Babbar jijiyar da ke fita daga zuciyarka
da irinsa aka ɗinka ta.
Tana buɗewa a hankali. Ba za ka ji ba.
Shi ya sa za mu riƙa dubawa.

Ɗakin ba haske sosai.
Kwanta ta hagu, in ji ta, sa hannu ƙarƙashin kai.
Man da ta shafa min sanyi gare shi kamar ruwan randa.
Sai ga ni a allo, fari da baƙi,
wani abu na buɗe baki yana rufewa
kamar tarwaɗa a daro.
Ashe haka kike, na ce a raina,
duk shekarun nan.

Wuta ta ɗauke.
Zuciyata ta ɓace daga allon
amma ina jin ta a kunne, ba ta jira janareta ba.

Da haske ya dawo, ta sa ɗigo nan, ɗigo can,
ta ja layi tsakaninsu
yadda nake yi da alli a kan shadda.
Bara arba'in da biyu.
Bana fa?
Arba'in da uku.

Milimita ɗaya.
Abin da nake datsewa da almakashi
yaron shago ya share da yamma.
A nan shi ne labarin shekara guda.

Ta ce kada in fasa shan ƙwayar safe,
kada in ɗaga kan keke ni kaɗai,
in ta doshi hamsin sai mu zauna maganar aiki.
Ban tambayi kuɗin ba.
Na dai shiga adashe biyu tun bayan Sallah.

Bara'atu na kan benci tana lilo da ƙafafu.
Shekararta tara, ta kere duk 'yan ajinsu,
tabarau na zamowa daga karan hancinta.
Ta zagaye wuyan hannunta da babban yatsa da ƙaramin,
suka haɗu har suka wuce juna.
Baba ka gani? Ƙawayena duk sun kasa.
Na gani.
Tashi, ke ake kira.

Ba ta ji tsoro ba, dariyar sanyin man ta yi.
Ni ne na riƙe ƙarfen gado.

A hanya ta ce, nawa awona?
Na ciro littafin shago, na buɗe shafin ƙarshe
inda ba wuya, ba kafaɗa.
Ƙarƙashin sunana na rubuta nata,
da lambar, da ranar komawa.

Kafin Magariba na kai shago.
Angon ya aiko sau biyu.
Na zauna, na zura zare,
na bar masa rara a cikin ɗinkin
fiye da yadda ya nema.