Wata Goma Sha Ɗaya

Ni na fara jin ƙarar.
Ina cikin mota a bakin fili, shayi a hannuna,
Fergus ya taka kafaɗar wani ɗan Ouyen,
ya tashi kamar an ja shi da igiya,
ya cafke jar ƙwallon nan mai siffar ƙwai.
Duk motocin gari suka danna hon.
Da ya sauko,
ƙafar ta tsaya, jikin ya wuce.
Ƙas! Kamar an karya busasshen reshe.

Likitan Bendigo bai ɓoye mana ba:
jijiyar gwiwa ta tsinke,
za a yanko wata a bayan cinya a dasa.
Shekara guda, in ji shi, in an taki sa'a.
Ga yaro ɗan sha bakwai
shekara guda rijiya ce gaba dubu.

Mutumin Melbourne mai ɗan littafi a aljihu,
wanda ya sha miyata har sau biyu,
ya kira sau ɗaya, ya jajanta.
Daga nan shiru, kamar an aiki bawa garinsu.

Duk Talata ni da shi a hanya,
awa uku tsakanin gonakin alkama,
ina tuƙi ina tsoron kangaru da magariba,
shi ya jingina goshi da gilashi.
Dimitra mai gashin ƙashi ba ta san lallashi ba.
Lanƙwasa. Miƙe. Sake.
Cinyar da ta kai gangar itace
ta koma kamar muciya.
Ranar da ya hau matakala uku ba sanda
na shige banɗaki na yi kukana,
na wanke fuska na fito ina masa faɗan takalmi.

Akwai daren da ya jefi rumfar tumaki da sandarsa,
ya ce ya haƙura, a sayar da komai.
Kakansa Wal bai ce uffan ba.
Da Asabar ta zo ya tura shi saman allon maki:
hau ka riƙa juya lambobi, tunda zama kake.
Can sama, sanyin Yuli na yankar kunnensa,
ya ga abin da mai gudu ba ya gani:
inda fili ke buɗewa kafin ƙwallo ta iso,
wanda ke gudun banza,
wanda ke jira.
Ya dawo gida yana zana da'ira a bayan rasit.

Ita kuwa hagu, da a da ba ta da aiki sai rakiya,
ya koya mata bugu a jikin rumbun hatsi.
Dum. Dum. Har kare ya daina ɗaga kai.
Ya ƙara tsawo yana jinya,
wandunansa duk sun ɗage.
Dimitra ta auna, ta ce saura kaɗan
dama ta kamo hagu.
Kaɗan ɗin nan ya ci mana wata biyu.

Yau ga shi cikin riga marar hannu,
a ƙungiya ta biyu, minti ashirin kawai aka ba shi.
Tabon ya yi fari kamar tsutsa a gwiwa.
Akwai wani baƙo jikin shinge da littafi,
ban sani ba ko namu ya zo gani,
ban kuma tambaya ba.
Mutane na kallon sanduna huɗu,
ni gwiwa nake kallo.

Ƙwallo ta taso daga tsakiya, tana juyi a iska.
Ya riga kowa sanin inda za ta faɗi.
Na ga ya tattara ƙafafu.
Shayin ya huce a hannuna.
Na rufe ido,
na bar kunnuwa a buɗe.